Naman Kai a Gonar Riɗi

Jikata ta dawo daga makaranta da wata sabuwar kalma, tana ta juya ta a baki kamar alewa. Wai an koya musu Gadarif gari ne na "tanawwu'i", wato gari mai jinsin mutane kala-kala, kuma wai abin alfahari ne. Na ce madalla, Allah ya ƙara ilimi. Amma mu a zamaninmu ba haka ake faɗa ba. Laham ras ake cewa, wato naman kai, kuma mai faɗa ba ya murmushi.

Duk wanda ya taɓa sayen naman kai a kasuwa ya san abin da ake nufi. Mai sayarwa zai kankare harshe da kunci da kunne da leɓe, ya tsiba su wuri ɗaya a faranti, ka ɗauki yanka ba ka san daga ina aka yanko shi ba. To haka mutanen gari suke kiran duk taron da ba ƙabila ɗaya ba. Unguwar da kowa ya fito daga wata uwa duniya, laham ras ce. Lorin da ya kwaso leburori, laham ras ya kwaso. In aka ce da ku haka, an ce ba ku da shehu, ba ku da babba, ba mai tsaya muku, ba kuma wanda za a je a tambaya a kanku.

Ni kuwa kalmar nan ƙona mini rai take yi. Kakana da ƙafarsa ya taso daga ƙasar Katsina, ya je ya yi hajjinsa, a hanyar komawa guzuri ya ƙare, ya zauna a bakin kogin Rahad kusa da Hawata. Na san uwarsa, na san ubansa, na san ƙauyen da aka binne cibiyarsa ko da ban taɓa ganinsa ba. Sannan wani wakilin gona mai tumbi ya dube ni ya ce naman kai? Allah ya sauwaƙe!

Shekarar da zan ba da labarinta, tsuntsaye sun cinye mana dawa tas. Maigidana ya ce za shi yankan riɗi a wani mashru'u bayan Doka, irin manyan gonakin nan na 'yan kasuwa. Ba zan faɗi sunan maigidan nawa ba. Ban faɗa ba yana raye, ba kuwa zan fara yau da yake kwance ba. Malam nake ce masa. Da muka ji ana neman mai tuwo a kambo, wato sansanin leburori, na ce ƙafarsa ƙafata, don ba zan zauna a gida ina jiran lori ya kawo mini labari ba.

Wanda bai ga mashru'u ba, ba zai gane tsoron da zan faɗa ba. Fili ne fetal, tarakta ta tumɓuke duk wata bishiya, baƙar laka ce kawai ta tafi har inda ido ya gaji. In ruwa ya ɗauke sai ta tsattsage, ƙafa ta riƙa faɗawa rami. Mutum ya tsaya a can nesa kana ganinsa kamar an kafa sanda. Tarakta ke huɗa, ita ke shuka, amma riɗi sai hannu, kuma ba ya jira. Ya nuna ba a yanka ba, kwanson ya fashe, ya zube ƙasa, an yi asara. Shi ya sa ɗan kasuwa yake kwaso kowa da kowa. A kambonmu akwai Masalit daga Darfur, akwai Barebari, akwai mutanen duwatsun Nuba, akwai Habashawa da suka tsallako iyaka. Mazan Hausawa uku ne kacal, Malam da wasu 'yan'uwa biyu daga Ƙala'at an-Nahal.

A gona kowa Larabci yake yi, amma a bakin tuwo kowa komawa gida yake. Da hantsi, lokacin faɗur, wato karin kumallo, nakan jera kwanoni, kowace ƙabila da nata, su zauna su kewaye shi suna yarensu. Ba ni na ƙirƙiro ba, haka na tarar, amma na riƙe abin da hannu biyu. Tuwon dawa ne da miyar busasshiyar kuɓewa da busasshen kifi ga kowa, sai dai kwanon Hausawa ina barbaɗa masa yaji da 'yar daddawa da na zo da su daga gida. Akwai wani dogo daga duwatsun Nuba, baƙi wuluk, mai dariya kamar ana buga ganga, kullum sai ya miƙo zungureren hannunsa cikin kwanonmu. In na kai masa muciya sai ya ce, "Ya hajja, duk dawar ɗan kasuwa ɗaya ce." Ni kuma in ce, "Dawar ɗaya ce, yajin nawa ne, koma wurin danginka." Ba ranar da ba mu yi ba. Wakilin mai gonar kuwa in ya zo wucewa ya ga kwanonin a jere sai ya taɓe baki ya ce, "Laham ras, har da wani rabe-rabe."

Lokacin yankan riɗi shi ne lokacin da makiyayan raƙuma suke gangarowa daga Butana. Burtalin da iyayensu suke bi duk an nome shi, su kuma dole su wuce. Kowace shekara ana 'yar hatsaniya, a yi zage-zage a rabu.

Ranar da abin ya faru ina tuƙa tuwo, Malam yana yanka nan kusa, ina hango bayansa tun safe. Sai ga direban tarakta mai kawo mana ruwa daga hafir, wato tafkin da ake tara ruwan sama, ya taho a guje, tankin yana tsalle a bayansa, ruwa na zuba. Ya diro bai ko kashe inji ba. Ya ce raƙuma sun shiga cikin tarin riɗi a can ƙarshen gona, wani ya sari yaron da ke kiwonsu da lauje a ka, an ɗauke shi bai san inda yake ba. A wurin an tsinci hula mai ɗinkin Hausa. Danginsa sun taru a bakin hafir, sun yi faza'a, wato gayyar bin sawu, kuma sawun nan kambo ya nufo.

Muciyar ta faɗi daga hannuna. Hula! Hular da ake sayarwa a kasuwar Gadarif, kowane kare da doki ya saya ya kifa a kai! Amma wa zai tsaya ya saurari wannan?

Wakili ya ce bari ya je Doka ya kira 'yan sanda. Ya haye lori, ƙura ta tashi, ba mu sake ganinsa ba sai da komai ya wuce. Leburori suka taho daga gona suka tsaya cirko-cirko. Na ruga wurin Malam na kama hannun rigarsa a gaban mutane, abin da ban taɓa yi ba, na ce, "Malam, ga hularka a kanka, ai za su ga waccan ba taka ba ce." Wani tsohon Bamasalice, wanda ya fi kowa daɗewa a aikin gonakin nan, ya girgiza kai ya ce, "'Yata, ba mai laifi suke nema ba, jini suke nema. In ƙabila ta zubar, kowane namiji a cikinta ya isa biya."

Ɗaya daga cikin 'yan'uwan nan biyu ya ce su gudu. Tsohon ya nuna masa filin da hannu ya ce, "Ina? Raƙumi zai kamo ka kafin ka gaji, kuma wanda ya gudu shi ya yi."

Can ƙarshen sama muka fara ganin ƙura. Na juya ban san me zan yi ba, sai idona ya faɗa kan kwanonin da na riga na jera. Ga na Masalit, ga na Barebari, ga na Nuba, ga na Habashawa, ga ƙaramin namu da jan yaji a kai. Wallahi ji na yi kamar an watsa mini ruwan sanyi. Duk wanda ya zo ya ga mutum uku a bakin wannan kwano ba ya bukatar ya tambayi kowa.

Na kwashi kwanonin na juye su a manyan farantan da muke shanya kuɓewa, na gauraya tuwon, na kwarara miya a kai, na zazzage yajin nan gaba ɗaya a kan kowa. Na ce, "Ku zauna! Kai, koma can. Kai, ba kusa da ɗan'uwanka ba. Ku raba!" Ina jan manyan maza da riga kamar awaki, ba wanda ya ce mini uffan. Tsohon ya gane, ya shiga taya ni. Aka raba 'yan'uwan nan biyu, aka cusa Malam tsakanin wani Bahabashe da dogon nan abokin faɗana. Na fizge hulunan Hausawan uku na cusa a murhu. Ta Malam uwarsa ce ta ba shi, ina kallo zaren ya kama da wuta. Sauran ma kowa ya tuɓe abin da ke kansa. Tsohon ya ce, "Daga yanzu Larabci kawai. Wanda aka tambaya, ni zan amsa."

Suka iso. Ban ƙirga su ba, tsoro bai bar ni ba. Raƙuma sun kewaye bukkokin, samari da sanduna da takubba, ɗaya da bindiga a kafaɗa. Aka gurfanar da raƙumi guda, wani dattijo ya sauko, farin gemu, siriri, idanunsa sun yi ja. Hular tana hannunsa, jini ya bushe a gefenta. Daga baya muka ji baffan yaron ne.

Ya yi sallama, maza suka miƙe tsaye suka amsa, yadda ake yi a ƙasar nan. Tsohonmu ya ce, "Itfaddalu, bismillah, ga abinci." Dattijon ya ce, "Ba mu ci." Na san abin da hakan ke nufi. Wanda ya ci tuwonka ba ya zubar da jininka, shi kuwa bai zo don ya ɗaure hannunsa ba.

Ya ce, "Kambon wace ƙabila ce wannan?"

Tsohon ya ce, "Ya shehul Arab, kana gani da idonka. Laham ras ne."

Kalmar da na tsana ke nan, amma ran nan na ji ta a kunnena kamar kiran salla. A zuciyata ina ta maimaitawa, naman kai ne mu, ya Allah, naman kai ne mu, ka rufa mana asiri.

Dattijon ya ɗaga hular ya ce, "Ina Hausawanku?"

"Ana zuwa ana tafiya. Ni ban tambayi kowa ubansa ba."

Sai ya juyo gare ni. Na ja tob ɗina, wato mayafi, na rufe rabin fuska. Ya ce, "Ke, matar waye a nan?" Malam yana tsaye bai fi tsawon tabarma daga inda nake ba, kuma na san in idona ya je wurinsa na kashe shi. Na dubi tukunya na ce da Larabci, "Ni mai tuwo ce, ya ammi," wato baffa. Ya daɗe yana kallona, sannan ya wuce.

Ya fara zagaya farantan a hankali, yana tsayawa gaban kowane mutum yana duban fuskarsa. Malam ba shi da zane, a nan aka haife shi, Larabcinsa ya fi nawa. Na ce a raina in dai ya yi shiru mun tsira. Abu ɗaya na manta, shi ne irin gidan da ya tashi. Mahaifinsa mutum ne da ba a gaishe shi a tsaye. Tun Malam yana ɗan mitsitsi, in ya ga furfura ƙafarsa ke fita daga takalmi kafin ya yi tunani.

Dattijon ya zo gabansa ya tsaya. Sa'an mahaifinsa ne, ga gemu, ga baƙin ciki a fuska. Ya dube shi ido cikin ido. Ina kallo, wallahi ina kallo, ƙafar Malam ta zame daga takalmi, ɗayar ta bi, gwiwarsa ta lanƙwashe, ya durƙusa ya sunkuyar da kai. A duk ƙasar nan ba mai gaisuwa haka sai mu.

Wuri ya yi tsit, sai ƙarar tarakta da aka bari a kunne. Malam ya gane abin da ya yi, na ga bayan wuyansa ya jiƙe. Wani saurayi a kan raƙumi ya nuna shi da sanda ya yi ihu, "Ga shi nan!" Na ce shi ke nan, yau zan koma Hawata ni kaɗai, me zan gaya wa uwarsa?

Sai na ji faɗuwar takalmi. Dogon nan ne. Ya watsar da takalmansa na taya, ya naɗe dogayen ƙafafunsa, gwiwoyinsa suna ƙara, ya zube kusa da Malam har kafaɗarsu na gogar juna. Bai iya ba sam, kamar raƙumi ya gurfana, amma ya sunkuyar da kai yadda ya ga ana yi. Bahabashen da ke ɗaya gefen ya dubi hagu ya dubi dama, shi ma ya sauka, bai san inda zai sa hannuwansa ba. Tsohon Bamasalice ya dafa ƙasa ya durƙusa. Daga nan sai ji kake takalma suna zuba, faranti bayan faranti, har ba sauran namiji a tsaye a kambon nan sai baƙi.

Saurayin ya ce, "Ammi, wancan ne ya fara, na gan shi!"

Dattijon ya ce, "Ni ma na gani."

Ya tsaya a kan Malam, da hular a hannunsa. Ban san tsawon lokacin ba, na dai san tuwon ya huce, ƙudaje sun sauka a kai ba mai korarsu. Ya dubi kawunan da ke sunkuye, baƙi da ja, mai zane da marar zane. Sannan ya ce, a hankali, kamar da kansa yake magana, "Na zo karɓar jini daga ƙabila. Wa zan kama a naman kai?" Ya jefar da hular a gaban Malam ya ce, "Yaron yana numfashi. In ya daina zan dawo, kuma na riƙe fuskarka."

Suka hau suka tafi. Ba wanda ya tashi sai da ƙurarsu ta kwanta. Ni kuwa na zauna daɓas a cikin toka ina kuka ina zagin Malam da Hausa, ina cewa wa ya aike ka, wa ya ce ka gaishe shi, ladabin banza ladabin wofi! Dogon ya ja faranti ya ɗebi tuwo mai sanyi ya kai baki, ya ce, "Ya hajja, yau kam yajin ya ji."

Ba mu tafi ba. Tsohon ya ce in Hausawa uku suka ɓace daga kambo, sun sa hannu a kan laifin, kuma hanyar Doka ta bakin hafir ta bi. Riɗi kuma ba ya jira. Haka aka koma yanka. Kwanakin da suka biyo baya ban san ɗanɗanon abinci ba. Ina tuƙi ina kallon gabas, kowace guguwa ta taso sai gabana ya faɗi. Ina yi wa yaron da ban taɓa gani ba addu'a fiye da yadda na taɓa yi wa kaina, Allah ka tashi kafaɗunsa, Allah ka bar wa uwarsa shi, ka bar mini nawa. Ban sake jera kwanoni ba. Wani abu kuma da yake ci na a rai, wanda ya yi saran yana cikinmu. Ya ci daga farantin nan, ya durƙusa tare da kowa, yana kallo wani zai mutu a madadinsa. Nakan bi fuskokinsu da kallo in ina zuba miya, har yau ban san ko waye ba.

Ana gab da gama kakkaɓe riɗi direban ya kawo labari. Yaron ya buɗe ido, ya sha nono, danginsa sun ɗaga sun yi kudu. Na yi guɗa har muryata ta dushe. Da aka watse kowa ya hau lorin da ya nufi ƙasarsa. Na ƙulle sauran daddawata a tsumma na ba dogon, ya yi dariyar nan tasa ya cusa a aljihu. Ban sake ganinsa ba, ban kuma san ƙauyensu ba, don ban taɓa tambaya ba.

Muka isa gida da la'asar. Mahaifin Malam yana zaune a zaure a kan buzunsa. Ni na durƙusa daga bakin ƙofa na gaishe shi. Malam ya shiga ya cire takalmi, sai ya tsaya. Ina ganinsa yana so ya durƙusa abin ya gagara. Can sai ya miƙa wa mahaifinsa hannu daga tsaye.

Tsohon ya dubi hannun, ya dubi ɗansa, ya ce, "Gonar 'yan kasuwa ce ta koya maka haka?"

Malam ya ce, "Baba, ka yafe mini. Gwiwar ce ta ƙi."

Ya hana ni faɗin abin da ya faru, ya ce kada hankalin tsofaffi ya tashi su hana shi komawa, ga gida ba hatsi. Tsohon ya rasu yana ganin ɗansa ya yi girman kai. Malam kuwa ya yi shekaru masu yawa bayan haka, yana ruku'u yana sujada lafiya lau, amma bai sake durƙusa wa ɗan Adam ba.

Jikata da ta gama ba ni labarin kalmarta ta miƙo mini hannu daga tsaye, jakar makaranta a kafaɗa, ta ce za ta wuce gida. Duk jikokina haka suke gaishe ni. Unguwar nan kowa ya san bakina, ba abin da nake gani in ƙyale, amma a kan wannan ban taɓa yi wa ɗayansu faɗa ba.